Mötley Crüe: wane kundi za ka fara saya, kuma a faifan garmaho, CD, kaset ko intanet?

Mötley Crüe ƙungiya ce ta mutum huɗu da ta kafu a Los Angeles ta Amurka a 1981. Vince Neil ke rera waƙa, Mick Mars ya kaɗa jita har zuwa 2022, Tommy Lee na kan ganguna, Nikki Sixx kuma na kan jitar bas, kuma shi ya rubuta mafi yawan waƙoƙinsu. Salon nasu shi ake kira glam metal: kiɗan rock mai nauyin jita, da amshi mai saurin kama baki, ga dogon gashi da kwalliya da tufafin fata a kan dandali. Daga 1981 zuwa 2008 sun fitar da kundi 9 na sutudiyo, ban da tarin zaɓaɓɓun waƙoƙi da aka riƙa fitarwa a tsakani.

Mai niyyar saye yakan tsaya ne tsakanin tambaya biyu: da wane kundi zai fara, kuma a kan me zai mallake shi. Mutane da yawa sukan duba jadawalin kasuwar waƙa na mujallar Billboard su ɗauki wanda ya fi hawa sama. Wannan hanya tana kai mutum ga kundi mai kyau sau ɗaya, ta ɓatar da shi sau biyu ko uku. A kasuwar tsofaffin faifai kuwa, nasarar kundi da farashinsa hannun riga ne: abin da aka buga miliyoyi yana nan birjik da araha, abin da aka buga kaɗan shi ke da tsada, kuma a kansa masu jabu suka fi taruwa.

Ma'aunan da za mu bi

Na farko farashi, kuma farashi na gaskiya, wato kuɗin kayan da kuɗin aiko shi da kuɗin na'urar da za ta kunna shi. Na biyu ƙarko: yadda kayan ke jure zafi, ƙura da yawan kunnawa. Na uku sauƙi, na samu da na saurare. Na huɗu haɗari, wanda a nan iri biyu ne: a sayar maka da jabu, ko ka sayi na gaske amma ka tarar ba sigar waƙar da kake nema ba ce a ciki. Wannan na biyun ya fi cin mutane a kan Mötley Crüe fiye da ƙungiyoyi da yawa, domin sun sha sake haɗa sautin tsofaffin waƙoƙinsu, wasu ma sun sake rera su gaba ɗaya.

Kafin jadawalin da ke ƙasa, a san ma'anar lambobin. Billboard 200 jerin kundaye 200 ne da suka fi kasuwa a Amurka a kowane mako, don haka matsayi mafi girma da kundi ya kai yana nuna ƙarfinsa ne a mako guda. Shaidar da ƙungiyar kamfanonin waƙa ta Amurka, RIAA, ke bayarwa ita ce ke nuna dogon zango: zinare kwafi 500,000, filatinum kwafi miliyan 1. Akwai kuma wani iyaka a tarihin jadawalin. Kafin watan Mayu na 1991 Billboard na dogara ne da rahoton da shaguna ke aikowa. Daga nan aka koma tsarin SoundScan mai ƙirga kowane kwafi a wurin biyan kuɗi. Bayan wannan canji, ƙungiya mai magoya baya na gani-kashe-ni takan faɗo jadawali daga sama a makon farko, sannan ta zame da sauri. Shi ya sa lamba 4 ta 1997 ba ta kai nauyin lamba 17 ta zamanin Shout at the Devil ba.

| Kundi | Shekara | Matsayi mafi girma a Billboard 200 | Shaidar RIAA |
|---|---|---|---|
| Too Fast for Love | 1981, sake fitarwa 1982 | 77 | filatinum 1 |
| Shout at the Devil | 1983 | 17 | filatinum 4 |
| Theatre of Pain | 1985 | 6 | filatinum 4 |
| Girls, Girls, Girls | 1987 | 2 | filatinum 4 |
| Dr. Feelgood | 1989 | 1 | filatinum 6 |
| Mötley Crüe | 1994 | 7 | zinare |
| Generation Swine | 1997 | 4 | zinare |
| New Tattoo | 2000 | 41 | babu |
| Saints of Los Angeles | 2008 | 4 | ba mu sa ta a lissafi ba |

Too Fast for Love

Wannan shi ne na ƙasa a jadawali cikin biyar na farko, kuma shi ne wanda ya fi kwashe kuɗin masu tara faifai. Dalilin yana cikin yadda ya fito. A watan Nuwamba na 1981 ƙungiyar ta buga shi da kanta a ƙarƙashin ƙaramin kamfaninta mai suna Leathür Records, kuma bugun farko kwafi 900 ne kacal. Da kamfanin Elektra ya ɗauke su a 1982, sai aka ba Roy Thomas Baker, furodusan da ya yi suna da aikin ƙungiyar Queen, ya sake haɗa sautin. Aka cire waƙar Stick to Your Guns, waƙoƙi suka koma 9 daga 10, aka kuma datse farkon waƙar da kundin ya ci sunanta. Saboda haka kundi biyu ne masu suna ɗaya da hoto ɗaya.

Sigar Leathür ɗanya ce, jita na karce kunne, ganguna kamar a ɗakin da kake zaune ake buga su. Ta Elektra ta fi tsabta kuma ita ce kusan kowa ya sani. Bugun farko na Leathür ana gane shi da farin rubutu a bango, waɗanda suka biyo baya suna da jan rubutu. Farashin na gaske ɗaruruwan daloli ne, mai farin rubutu kuma ya fi haka nesa. Haɗarin a nan shi ne mafi girma a duk kayan ƙungiyar, domin jabunsa sun yi yawa kuma hoton bango kaɗai ba ya raba gardama. Abin da ke raba ta shi ne lambobin da aka zana a fili mai santsi da ke tsakanin waƙar ƙarshe da takardar tsakiyar faifai. A nemi mai sayarwa ya ɗauki hoton wurin da haske mai kyau, a gwada da abin da aka rubuta na wannan bugu a Discogs, shafin intanet mai tara bayanan bugun faifai. Idan ya yi ta kwana-kwana, a bar shi.

Wanda sauti kawai yake so ba ya bukatar wannan wahala. CD ɗin da aka sake fitarwa a 1999 yana ɗauke da haɗin Elektra tare da Stick to Your Guns a matsayin ƙari, akwatin CD huɗu na 2003 mai suna Music to Crash Your Car To, kashi na ɗaya, kuma yana da haɗin Leathür ɗin kansa.

Shout at the Devil

Ya fito a watan Satumba na 1983, furodusa Tom Werman, waƙoƙi 11 cikin kimanin minti 35. Ya tsaya a lamba 17, waƙarsa mafi tashe, Looks That Kill, ba ta wuce lamba 54 a jadawalin waƙoƙi na Hot 100 ba, amma a hankali ya sayar da miliyan 4, daidai da kundaye biyu da suka bi shi waɗanda suka fi shi hawa. A ganinmu wannan ne kundin da ya fi nauyi da haɗin kai a cikin duka. Jitar Mick Mars a nan tana da kauri da duhu, kuma babu waƙar da aka cusa don cike gurbi.

Akwai abin da ya kamata mai saye ya sani tun kafin kaya ya iso gida. Bangon faifan garmaho na asali baƙi ne wuluk, da tauraro mai tsini biyar a cikin da'ira, alamar da ake dangantawa da tsafi, sunan kundin kuma yana ambaton Shaiɗan. Nikki Sixx ya sha bayyana cewa nufinsu daka wa Shaiɗan tsawa, amma hoton ya jawo musu suka mai yawa a Amurka tun a lokacin. Tsofaffin kaset da CD sun zo da wani bangon dabam mai hotunan mawaƙan huɗu. Wanda bangon zai dame shi ko ya dami mutanen gidansa, ya nemi wannan.

Theatre of Pain da Girls, Girls, Girls

Nan ne jadawali ke yaudara. Theatre of Pain na 1985 ya kai lamba 6, aka kuma sadaukar da shi ga Razzle, makaɗin gangunan ƙungiyar Hanoi Rocks, wanda ya rasu a haɗarin mota a watan Disamba na 1984 lokacin da Vince Neil ke tuƙi. Waƙa biyu suka ɗauki kundin a kafaɗa: Smokin' in the Boys Room, wadda asalinta ta ƙungiyar Brownsville Station ce, ta kai lamba 16, sai Home Sweet Home, wadda ta tsaya a lamba 89 duk da cewa ta shafe watanni tana kan gaba cikin bidiyon da masu kallon tashar talabijin ta waƙoƙi MTV ke roƙo. Sauran waƙoƙin ba su kai waɗannan ba, sautin kuma siriri ne. Su kansu mawaƙan ba sa yabon kundin.

Girls, Girls, Girls na 1987 ya kai lamba 2, kundin Whitney Houston ne ya tare masa hanya. Wild Side da waƙar da ya ci sunanta, wadda ta kai lamba 12, suna da ƙarfi sosai, daga nan kundin ya riƙa yin sanyi har aka rufe shi da tsohuwar waƙar Elvis Presley da ƙungiyar ta rera aka ɗauka a wurin wasa. Maganganun ciki na gidajen rawar tsiraici ne da shaye-shaye, a fili ba a sakaye ba. Dukansu biyu suna da araha a kowace siga, kuma haɗarin jabu kaɗan ne, don ba wanda zai ɓata lokacinsa yana kwaikwayon abin da ke ko'ina. Sai dai duk waƙoƙinsu masu kyau suna cikin tarin zaɓaɓɓu, don haka ba su ne na fara saye ba.

Dr. Feelgood

A nan jadawali ya faɗi gaskiya. Kundin ya fito a 1989, ya hau lamba 1 a watan Oktoba, kuma shi kaɗai ne nasu da ya taɓa kaiwa nan. An ɗauke shi a sutudiyon Little Mountain da ke Vancouver ta Kanada tare da furodusa Bob Rock, bayan mawaƙan sun shiga jinyar barin ƙwaya da giya, biyo bayan abin da ya sami Nikki Sixx a watan Disamba na 1987 lokacin da ƙwaya ta kusa halaka shi. Waƙoƙi biyar daga ciki sun shiga Hot 100: Dr. Feelgood lamba 6, Without You lamba 8, Don't Go Away Mad lamba 19, Kickstart My Heart lamba 27, Same Ol' Situation lamba 78. Abin lura, wadda ta tsaya a 27 ɗin ita ce yau aka fi saurara a intanet cikin duk waƙoƙinsu.

Darajar kundin tana cikin sautinsa. Ganguna da bas suna da faɗi da nauyin da babu a kundaye huɗu na baya, har ƙungiyar Metallica ta nemi Bob Rock ya yi mata kundinta na 1991 bayan ta ji wannan aiki. Waƙoƙi 11 ne cikin kimanin minti 45.

Ga inda farashi ke da lauje cikin naɗi. Kwafi miliyan 6 ɗin nan yawancinsu kaset ne da CD, domin zuwa 1988 CD ya riga ya wuce faifan garmaho a kasuwar Amurka, kaset kuma ya wuce shi tun kafin nan. Saboda haka tsohon CD na Dr. Feelgood yana cikin mafi araha, galibi ƙasa da dala 10, amma faifan garmaho na asali na 1989 ya fi na Theatre of Pain tsada, don ba a buga shi da yawa ba.

Bayan 1991

Vince Neil ya bar ƙungiyar a 1992, John Corabi ya maye gurbinsa a kundin 1994 mai sunan ƙungiyar. Kiɗan ya yi nauyi, muryar ta yi kauri, tsawonsa kusan awa guda, kuma masu son jita suna girmama shi ƙwarai. Amma ba glam metal ba ne, wanda ya saya da tsammanin muryar Neil zai ji baƙon abu. Generation Swine na 1997, inda Neil ya dawo, ya cakuɗa sautin na'ura da na jita, bai gamsar da tsofaffin magoya baya ba. New Tattoo na 2000 an yi shi ba tare da Tommy Lee ba, Randy Castillo ne a kan ganguna. Saints of Los Angeles na 2008 ya dawo da mutum huɗun asali. Waɗannan na wanda ya riga ya mallaki biyar na farko ne.

Tarin zaɓaɓɓun waƙoƙi, inda aka fi yin kuskure

Decade of Decadence na 1991 ya kai lamba 2 ya kuma sami filatinum 2, amma ba asalin waƙoƙin ne duka a ciki ba. Live Wire, Piece of Your Action da Home Sweet Home an sake haɗa sautinsu, Kickstart My Heart kuma ta wurin wasa ce a Dallas. Sabuwar sigar Home Sweet Home ɗin ce ta kai lamba 37, ta wuce ta asali. Greatest Hits na 1998 ya sa Shout at the Devil da aka sake rerawa a 1997 a madadin ta 1983, kuma sunan waƙar a bayan kwali yana ɗauke da '97, sai an duba da kyau. Greatest Hits na 2009, mai kusan irin sunan da irin hoton, ya mayar da ta asali kuma ya jera waƙoƙi bisa shekarunsu. Red, White & Crüe na 2005, CD biyu, ya kai lamba 6, shi ya fi faɗi. Wanda zai sayi tari guda ɗaya, ya duba shekarar da ke bayan kwali kafin ya biya: 2009 ko 2005.

Faifan garmaho

Shi ne mafi tsada idan aka haɗa komai. Sabon bugu yakan kama dala 25 zuwa 35 a Amurka, kuɗin aiko faifai guda zuwa Najeriya ko Nijar kuma sau da yawa yakan kai kuɗin faifan ko ya wuce, shi ya sa ya fi kyau a haɗa uku ko huɗu a kwali ɗaya. Kamfanin BMG, wanda ya sayi haƙƙin waƙoƙin ƙungiyar a 2021, ya fitar da akwati mai kundaye biyar na 1981 zuwa 1989 a 2023, wanda ke rage wannan ɗawainiya.

Tsofaffin bugun Elektra ana gane su da lamba: Too Fast for Love 60174, Shout at the Devil 60289, Theatre of Pain 60418, Girls, Girls, Girls 60725, Dr. Feelgood 60829. Lambar da ke biye tana nuna siga: 1 faifan garmaho, 2 CD, 4 kaset. Masu sayarwa suna auna lafiyar faifai da haruffa, NM na nufin kamar sabo, VG+ ɗan amfani kaɗan, VG kuma za a ji ƙaras-ƙaras a wuraren da kiɗa ya lafa. Kada a sauka ƙasa da VG+. A roƙi mai aikowa ya fitar da faifan daga bangonsa ya ajiye shi a gefe cikin kwalin, in ba haka ba girgizar hanya takan sa bakin faifan ya tsaga bangon.

Ƙarkonsa ya dogara da ajiya. Faifai roba ne, zafi na lanƙwasa shi, kuma motar da aka rufe a rana takan kai digiri 60 a ciki, wanda ya isa ya lalata shi cikin yini ɗaya. A jera shi a tsaye kamar littattafai, kada a ɗora wani kan wani, nesa da taga da bangon da rana ke duka. Ƙurar hunturu ita ce abokiyar gaba ta biyu, domin busasshiyar iska na sa faifai ya riƙa jawo ƙura, allura kuma ta niƙa ta cikin layukan. A share da burushi mai laushi kafin kowace kunnawa. Idan za a wanke, a yi da tataccen ruwa irin na batir da ɗan digon sifirit, ban da ruwan rijiya ko na burtsatse, don yana barin gishiri a cikin layi.

Na'urar ma tana da tarkonta. Faifan na juyawa sau 33 da sulusi a minti. Tsohuwar na'urar Amurka an yi ta ne don wutar bolt 120 mai bugu 60 a daƙiƙa, tamu kuwa bolt 230 ce mai bugu 50. Taransifoma zai gyara ƙarfin wuta, amma idan injin na'urar irin mai bin bugun wuta ne, faifan zai riƙa juyawa kusan sau 28 a minti, waƙa ta yi nauyi ta ja ƙafa. Janareta mai tangal-tangal ma yakan jawo irin wannan. A nemi na'urar da aka yi don Turai, ko mai injin da ke daidaita gudunsa da kansa. Nauyin allura a kan faifai ya kasance wajen giram 2; ƙananan na'urori masu kama da akwati sukan danna da giram 5 ko fiye, suna cin faifai. Araha ba ta ado. Ana kuma bukatar ƙaramin amfilifaya na musamman tsakanin na'urar da sifika idan ba a gina shi a ciki ba, in ba haka ba sautin zai fito ƙasa-ƙasa babu bas.

Wani abu da ke haɗa zaɓin kundi da zaɓin siga: tsawon kowane gefe. Shout at the Devil na da kimanin minti 17 a gefe, wanda ke ba da damar yanka layuka masu faɗi da sauti mai ƙarfi. Dr. Feelgood na da minti 22 ko fiye a gefe, kusa da iyakar abin da faifai ke ɗauka ba tare da an rage ƙarfi ko bas ba. Na farkon ya dace da garmaho, na biyun ya fi sakewa a CD.

CD

A nan kuɗi ya fi yin aiki. Yana da araha, ba shi da nauyin aikowa, kunnawa ba ta cin sa, kuma ana iya kwafe shi zuwa kwamfuta a sigar FLAC ba tare da sauti ya ragu ba, a ajiye faifan a huta. Zaɓi biyu ne. Tsofaffin bugun Elektra sautinsu ƙasa yake, sai an ƙara murya, amma akwai tazara tsakanin wurin da kiɗa ya lafa da wurin da ya tashi. Bugun da suka biyo bayan 1998, lokacin da ƙungiyar ta bar Elektra ta karɓi mallakar ainihin naɗe-naɗenta, sun zo da ƙarin waƙoƙi da gwaje-gwajen sutudiyo, sautinsu kuma galibi an matse shi ya yi ƙara. A mota ko a ƙaramar sifika na biyun ya fi fitowa. A sifika mai kyau cikin ɗaki shiru na farkon ya fi daɗin kunne.

Don gane tsohon bugu, a juya faifan a duba zoben tsakiya. Ƙaramar lamba mai farawa da IFPI ta fara bayyana ne daga 1994, don haka CD mai ita ba bugun 1989 ba ne ko da kwalin ya nuna haka. Idan bayan faifan yana da launin shuɗi-shuɗi ko kore-kore, an ƙona shi ne a kwamfuta. Gefen da ke da rubutu ya fi gefen mai ƙyalli rauni, karce a nan yana taɓa bayanan kai tsaye kuma ba ya gyaruwa.

Kaset

Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Kaset na shekarun 1980 ya haura shekara 30, ɗan auduga da ke danna zare a kan kan na'ura yakan faɗo, zafi na sa zare ya manne, bel ɗin tsofaffin rediyoyi kuma ya narke, sai na'ura ta cinye zaren. Yana da araha, kuma a kansa ne yawancin mutanen wancan zamani suka ji waɗannan kundaye, don haka yana da daraja a matsayin abin ajiya. A matsayin hanyar saurare ta kullum, shi ne na ƙarshe.

Intanet

Spotify ya shigo Najeriya da Gana a 2021, ga kuma Apple Music da YouTube. Babu jiran kaya, babu jabu. A mafi ingancin sautin da aka matse na Spotify, minti ɗaya na cin kusan megabait 2.4, wato Dr. Feelgood gaba ɗaya ya ɗan haura megabait 100. A sauke shi sau ɗaya a riƙa ji ba data. Rauninsa biyu: ranar da aka daina biya an daina mallaka, kuma kamfani ne ke zaɓar sigar da zai ajiye, yawanci sabon gyaran sauti. A riƙa karanta abin da aka rubuta a gaban sunan waƙa, shekara ce ko alamar wasan kai tsaye.

| Siga | Farashi | Ƙarko a zafi da ƙura | Sauƙi | Haɗari |
|---|---|---|---|---|
| Garmaho, bugun Leathür | mai tsanani | sai da kulawa | wuyar samu | jabu da yawa |
| Garmaho, tsohon Elektra | matsakaici zuwa tsada | sai da kulawa | sai da na'ura mai kyau | karce, lanƙwasa |
| Garmaho, sabon bugu | tsada | sai da kulawa | sauƙin samu | lalacewa a hanya |
| CD | araha | mai kyau | mai sauƙi | kaɗan |
| Kaset | araha | rauni | na'ura na wuya | zare ya lalace |
| Intanet | kuɗin wata da data | ba ya lalacewa | mafi sauƙi | ba mallaka, sigar na iya canjawa |

Wanne ya dace da wa

Wanda bai taɓa jin su ba, ya fara a intanet da Dr. Feelgood sannan Shout at the Devil, ya ji su daga farko zuwa ƙarshe kafin ya kashe ko sisi a kan faifai. Wanda yake son abu guda ya ajiye a mota ko a shago, ya sayi CD na Greatest Hits na 2009, ko Red, White & Crüe idan yana son har da waƙoƙin bayan 1991. Mai kuɗi kaɗan da ke son kundi cikakke mai sauti mafi kyau, tsohon CD na Dr. Feelgood mai lamba 60829-2 ya ishe shi. Mai koyon jita ko ganguna zai fi ƙaruwa da Shout at the Devil da kundin 1994, inda kayan kiɗa suka fito fili. Wanda ya riga ya mallaki garmaho mai kyau da ɗaki mai sanyi, ya fara da Shout at the Devil bugun Elektra a matakin VG+ ko sama, ya bi da Too Fast for Love na 1982. Bugun Leathür kuwa na mai tara faifai ne da ya iya karanta lambobin tsakiya, yake saye ta hanyar da za a mayar masa da kuɗinsa idan kaya ya zo ba daidai ba, kuma yake da wurin ajiyar da rana ba ta shiga.